Yadda Za Ka Gane Ko Lokacin Sauya Wayarka Ya Yi

Kowace shekara manyan kamfanonin waya suna fitar da sabon samfuri, kuma tallar da ke biyo baya takan sa wanda ke riƙe da wayar shekara biyu ko uku ya fara yi mata kallon raini, alhali har jiya tana biya masa dukkan buƙatunsa. Fitowar sabuwar waya ba ta rage wa tsohuwa ƙarfi ko kaɗan, saboda haka hukuncin sauyawa ya kamata ya fito ne daga halin da wayar hannunka take ciki. An jera matakan da ke tafe daga matsalolin da ɗan ƙaramin gyara ke warwarewa zuwa waɗanda babu mai gyaran da zai iya yi musu magani, domin a rukuni na biyun ne ake samun dalili mai ƙarfi na sayen sabuwa.

Mataki na farko: ka fayyace abin da ke damunka

Ka ɗauki kamar mako guda kana lura da wayar, duk lokacin da ta ɓata maka rai ka rubuta takamaiman abin da ta yi. Cewa ta tsufa ba ƙorafi ba ne da za a iya aiki da shi. Wanda za a iya aiki da shi shi ne irin wannan: caji yana ƙarewa tun kafin yamma, kyamara tana jan lokaci kafin ta buɗe, manhajar banki ta ƙi hawa, ko sai an karkata igiyar caja an danne ta kafin wuta ta shiga. Idan mako ya cika ba ka sami abin rubutawa ba sai sha'awar wadda ka gani a hannun wani, to ka san sha'awa ce. Ba laifi ba ne mutum ya sayi abu don sha'awa in yana da hali, amma gara ya san abin da ya kashe wa kuɗinsa.

Mataki na biyu: ka duba lafiyar batir

Galibin wayoyin da ake cewa sun gaji, batirinsu ne ya gaji. Batirin lithium da ke cikin wayoyin zamani yana raguwa a hankali duk lokacin da aka caja shi aka kuma yi amfani da cajin, kuma ana auna tsufansa da zagaye: zagaye ɗaya shi ne cinye cajin da ya kai kashi 100, ko a rana ɗaya ko a rarrabe cikin kwana biyu. Kamfanin Apple ya bayyana cewa an tsara batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan zagaye 500, na iPhone 15 zuwa sama kuma bayan zagaye 1000. Wanda ke cinye cikakken caji kullum zai kai zagaye 500 kafin ya cika shekara ɗaya da rabi, ka ga ke nan ba abin mamaki ba ne waya mai shekara biyu ta fara kasa kai wa dare.

Raunin batir bai tsaya ga saurin ƙarewar caji ba. A watan Disamban 2017 Apple ya tabbatar da cewa manhajarsa tana rage saurin wasu tsofaffin iPhone waɗanda batirinsu ya raunana, domin kada su riƙa mutuwa ba zato idan aiki ya yi musu nauyi, kuma daga 2018 ya saka wurin duba lafiyar batir a cikin saitin wayar. Abin da wannan ke nunawa shi ne, nauyin da waya ke yi yana iya kasancewa laifin batir, sabon batir kuma ya dawo mata da kuzarinta. A iPhone za ka ga adadin ƙarfin da ya rage wa batirin a sashen batir na saiti. A wayoyin Android abin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Masu Samsung suna iya gwada batirinsu ta manhajar Samsung Members. Idan adadin ya sauka ƙasa da kashi 80, sauran sassan wayar kuma lafiya lau suke, canjin batir a wurin mai gyaran da ke amfani da ingantattun kaya ya fi sayen sabuwar waya sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai yanayi ɗaya da ba a jira a cikinsa. Idan ka ga murfin baya ya ɗaga, ko allo ya fara rabuwa da jikin wayar ta gefe ɗaya har kana hango ɗan haske ta tsagar, batirin ne ya kumbura. Ka daina caja ta nan take, kada ka matsa ta don ta koma daidai, ka kai ta a cire shi, domin kumburarren batir yana iya kama wuta.

Mataki na uku: ka kawar da ƙananan matsaloli

Wayar da ma'adanarta ta cika maƙil takan yi nauyi, saboda haka ka kwashe hotuna da bidiyo zuwa kwamfuta ko ajiyar intanet, ka goge manhajojin da ka yi watanni ba ka buɗe ba, sannan ka leƙa abin da WhatsApp ya tara, wanda sau da yawa shi ne ya fi kowa cin wuri. Ramin cajin da ke wasa kuwa, sau da dama zaren aljihu ne da ƙura suka dunƙule a cikinsa suka hana kan caja shiga sosai, kuma mai gyara zai share shi cikin 'yan mintoci. Idan duk da haka nauyin bai tafi ba, ka adana bayananka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, ka gwada ta kwana biyu ko uku kafin ka yanke mata hukunci.

Mataki na huɗu: ka binciki ko har yanzu kamfanin yana aiko mata da sabuntawar tsaro

Wannan ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma shi aka fi mantawa da shi, domin wayar da aka daina kula da ita ba ta nuna wata alama a zahiri. Tana kira, tana ɗaukar hoto, tana shiga intanet kamar kullum. Sai dai ana ci gaba da gano kafofin da masu kutse ke bi su shiga tsarin waya, kamfanoni kuma suna toshe su ne ta hanyar sabuntawar da suke turowa. Ranar da kamfani ya daina turo wa wani samfuri sabuntawa, duk kafar da aka gano daga baya za ta zauna a buɗe, kamar gidan da aka san kwaɗonsa ya lalace amma babu mai zuwa ya canja shi. Ga wanda ke hulɗa da banki ta waya, ko yake ajiye takardun aiki da lambobin tantancewa a cikinta, wannan kaɗai ya isa dalilin sauyawa ko da jikin wayar garau yake.

A wayar Android, ka shiga saiti, ka nemi sashen bayanin waya ko na tsaro, za ka ga kwanan watan sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Idan ka nemi sabuwa ba ka samu ba, kwanan watan kuma ya haura shekara guda, akwai yiwuwar kamfanin ya riga ya janye hannunsa, kuma za ka iya tabbatarwa a shafinsa na intanet. Tsawon wa'adin ya bambanta ƙwarai. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 da ta fito a 2023, Samsung ma ya yi irin wannan alkawari ga jerin Galaxy S24 a farkon 2024, yayin da yawancin wayoyi masu araha ke samun wa'adin da bai kai haka ba. A ɓangaren Apple, iPhone 6s da ta fito a 2015 ta sami iOS 15 (iOS shi ne tsarin da ke tafiyar da iPhone) a 2021, ta kuma ci gaba da samun gyaran tsaro bayan nan. Tarayyar Turai ta mayar da batun doka: daga 20 ga Yunin 2025, sababbin wayoyin da za a shigar kasuwarta dole su sami sabuntawa na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin, a kuma samar da kayan gyaransu har shekara 7.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, alkawarin kamfani yakan fara ƙirge daga ranar da samfurin ya fito kasuwa, ba daga ranar da ka saya ba. Wanda ya sayi sabuwar waya dal a kwali, amma samfurin shekara uku da suka wuce, ya sayi wa'adin da an riga an ci wani kaso babba daga cikinsa.

Mataki na biyar: ka tabbatar manhajoji da layin sadarwa ba su bar ta ba

Masu manhajoji su ma suna janyewa daga tsofaffin tsare-tsare. WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0 a 2023, sannan a 2025 ya koma buƙatar iOS 15.1 zuwa sama, abin da ya fitar da iPhone 5s da iPhone 6. Manhajojin banki sukan fi haka tsanani. Haka kuma kamfanonin sadarwa a ƙasashe da dama suna rufe tsohon tsarin sadarwa na 3G. Manyan kamfanonin Amurka sun rufe tasu a 2022, kuma wayar da ba ta iya yin kira ta kan 4G, wato abin da ake kira VoLTE, ta rasa damar kira a kan layukansu. Ka tambayi kamfanin layinka shirinsa. Amma 5G ita kaɗai ba dalilin sauya waya ba ce, matuƙar ba ta iso wuraren da kake yawan zama ba, ko kuma 4G tana isar ka.

Mataki na shida: ka yi lissafi da shekaru

Idan ka iso nan kuma matsalar mai gyaruwa ce, ka nemi kuɗin gyaran ka ajiye shi kusa da shekarun tsaron da suka rage wa wayar. Canjin batir ko allo ga wayar da ke da sauran shekara uku kuɗi ne da ya tafi inda ya dace. A ganina, gyaran da ya kusa rabin kuɗin sabuwar waya makamanciyarta, ga wadda wa'adinta zai ƙare cikin shekara guda, asara ce.

Wajen zaɓen sabuwa ma haka lissafin yake: ka raba kuɗinta da shekarun da za ta yi tana samun kulawa. Wayar da ta ninka wata tsada amma za a kula da ita shekara 7 ta fi wadda za a bari bayan shekara 2 araha a kowace shekara, muddin ka san kai mai riƙe waya ne har ta daɗe, ba mai yawan fasa allo ko ɓatarwa ba. Idan biya kaɗan-kaɗan za ka yi, ka haɗa jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, kada ka tsaya ga na wata-wata. Kada kuma yawan megafiksel, wato ma'aunin yawan ɗigon hoton kyamara, ya ruɗe ka, domin kyawun hoto ya fi dogara ga girman na'urar da ke karɓar haske da yadda manhaja ke sarrafa hoton. Bambancin da ke tsakanin samfurin bana da na bara yawanci ɗan kaɗan ne. Sai an tsallake uku ko huɗu sannan ake jin sa a hannu.

Mataki na bakwai: ka zaɓi lokacin saye

Apple yakan gabatar da manyan samfuran iPhone a watan Satumba, Samsung yakan fitar da jerin Galaxy S a farkon shekara, Google kuma ya koma watan Agusta tun daga Pixel 9 a 2024. Sayen babbar waya ana saura makonni kaɗan magajiyarta ta fito shi ne lokaci mafi muni, domin da zarar sabuwar ta fito farashin ta baya yakan sauka. Samfurin bara, bayan fitowar na bana, sau da yawa shi ne ciniki mafi riba, in dai wa'adinsa mai tsawo ne. Amma idan batir ya kumbura kuma gyaran bai cancanta ba, ko tsaro ya ƙare alhali kana amfani da banki a wayar, ba a jiran ragi.

Idan ta hannu za ka saya, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit, ka duba lafiyar batirin, sannan ka tabbatar mai ita ya fitar da asusunsa na Google ko na iCloud a gabanka, domin wayar da ke kulle da asusun wani ba za ta buɗe maka ba ko an goge ta.

Mataki na takwas: ka kwashe kayanka kafin ka rabu da tsohuwar

Ka adana lambobin mutane da hotuna a asusunka, ka yi wa hirarrakin WhatsApp ajiya. Idan daga Android za ka koma iPhone, ka sani cewa ajiyar da ke Google Drive ba ta sauka a iPhone, sai an bi ta manhajar Move to iOS tun lokacin da ake saita sabuwar wayar. Manhajojin da ke ba da lambar tantancewa su ne suka fi jefa mutane cikin wahala, saboda haka ka mayar da su sabuwar wayar, ka gwada shiga kowane asusu da bankinka yayin da tsohuwar ke kusa kuma tana aiki. Sai bayan 'yan kwanaki, da ka tabbatar babu abin da ya rage, za ka fita daga asusunka a tsohuwar, ka cire sim da katin ajiya, ka goge ta gaba ɗaya. Daga nan kana iya sayar da ita, ko ka ba da ita a rage maka kuɗin sabuwa inda ake karɓar musaya. Wadda ta mutu murus kuwa a kai ta wurin masu karɓar lalatattun kayan lantarki, kada a jefa ta cikin shara da batirinta a ciki.