Darasi na 9: Haɗa Abincin Jariri da Adana Shi a Jakar Matsawa

Jakar matsawa 'yar ƙaramar jaka ce ta roba mai laushi. A samanta akwai ɗan bututu mai murfi, a ƙasanta kuma akwai zif da ake zugewa a zuba abinci. Ana wanke ta a sake amfani da ita sau da yawa. Daɗinta shi ne, idan yunwa ta kama yaro kuna hanya, ga abincin da kika dafa da hannunki a kusa. Sai dai tana da aibi guda: ba a ganin cikinta. Abin da kwano zai nuna wa idonki, ita ɓoye shi take yi. Shi ya sa za mu fi daɗewa a kan tsafta da kwanan wata.

Kafin a fara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nonon uwa zalla har ya cika wata 6. Daga nan a soma ba shi abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara 2 ko fiye. Daga wata 6 zuwa 8, sau 2 ko 3 a rana ya isa, a fara da cokali 2 ko 3.

Dafawa da zubawa

Ki wanke hannu da sabulu. Ki fere karas, ko kabewa, ko dankali, ko tuffa, ki yanka ƙanana, ki turara har sai bayan cokali ya murƙushe su ba wahala. Sannan ki markaɗa. Ki riƙa haɗawa da kaza, ko wake, ko dafaffen ƙwai, ko kifin da aka cire wa ƙaya tsaf, domin a wannan lokacin jikin yaro yana matuƙar buƙatar abinci mai ƙara jini.

Ki ɗebo a cokali ki ɗan karkata shi. Idan ya tsiyaye kamar ruwa, ya tsinke da yawa. Na san abin da ke jawo haka: ana so ya bi ta bututu cikin sauƙi. Amma cikin jariri ƙarami ne, in ruwa ya cika shi, ina abincin zai shiga?

Ban da gishiri, ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. Ban da sukari. Zuma kuwa sam, sai ya cika shekara 1, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye wa jariri jiki.

Ki baza abincin a faranti ya huce da wuri. Ki fara ɗaure murfin, sannan ki zuge zif ki zuba. Ki bar fili kamar faɗin yatsu biyu, saboda abinci yana kumbura in ya daskare, zai iya ɓalle zif ɗin. Ki goge bakin zif, ki rufe, ki rubuta sunan abincin da ranar da kika dafa.

Kwana nawa zai yi?

Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi kuma awa 1. A firji mai sanyin digiri 4, na ganye da 'ya'yan itace yana yin kwana 2. Mai nama, kifi, ƙwai ko shinkafa kwana 1 kawai. A firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ki yi amfani da shi cikin wata 1 zuwa 2. Kada ki ce za ki shinshina ki gane, abinci yakan lalace bai canza wari ba. Abin da kika rubuta shi za ki bi.

In za ki ba shi gobe, ki sauko da jakar daga firiza zuwa firji tun dare. Ki matse a kwano, ki ɗumama sosai har ya yi tururi, ki juya, ki bar shi ya huce, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji. Abin da ya narke ba ya komawa firiza. In tafiya za ku yi, ki sa jakar a kula tare da ƙanƙara.

Wajen ci

Ki matsa a cokali ki ba shi. Yaron da kullum tsotsa yake daga bututu yakan makara wajen koyon tauna, kuma zaƙin 'ya'yan itace yana daɗewa a kan haƙoransa. In ya kai wata 8 ko 9, ya kamata ya saba da abinci mai 'yan gudaje a kwano. Idan bakinsa ya taɓa bututun, ragowar ta zubarwa ce, yawu ya riga ya shiga. Murfin kuma ki ɗauke shi nan take, yana iya maƙale wa yaro a maƙogwaro.

Wanki

Nan ne na fi so ki natsu. Na taɓa ɗaga wata jaka da na ɗauka ta wanku, na buɗe ta a hasken taga, sai ga ɗigo-ɗigon baƙar fumfuna a lungun zif. Gabana ya faɗi, don da safe zan cika ta. Laifina shi ne na rufe ta da danshi. Ki wanke da zarar an gama ci, da ruwan ɗumi da sabulu. Ki zuge zif har ƙarshe, ki sa ɗan buroshi a cikin bututu da kowace kusurwa, ki ɗauraye, ki kife ta a buɗe har ta bushe ƙarau. Wadda ta tsage ko ta yi fumfuna, ki jefar.

Aikin rubutu

Ki ɗauki takarda ki rubuta kamar a jikin jaka: Karas da kaza, Litinin, 3 ga wata. Yanzu ki rubuta a ƙasa: in a firji aka sa, wace rana ce ta ƙarshe da za a ba yaro?