Kafin ka ɗauki dizaina ya yi wa kasuwancinka tambari, ga abin da za ka fara shiryawa

Yawancin masu ƙaramin kasuwanci in sun tashi neman dizaina saƙo ɗaya suke turawa: "Dan Allah a yi min logo mai kyau, nawa ne?" Shi ke nan fa. Ba a faɗi me ake sayarwa ba, ba a faɗi wa ake sayar wa ba, balle inda za a manna logon. Shi kuma mai zanen ai ba boka ba ne, sai ya yi ta lalube a duhu, ya kawo abu ka ce bai yi ba, ya sake kawowa ka ce ba haka kake nufi ba, a ƙarshe rai ya ɓaci kuɗi kuma sun tafi. Gaskiya rabin aikin nan naka ne, kuma ana gama shi tun kafin a kira kowa.

Da farko ka san me kake nema, don logo daban, tsara kamannin kasuwanci gaba ɗaya daban. Logo alama ce guda. Cikakken aikin kuwa ya haɗa da logon, da kalolin da za a san ka da su, da salon rubutu, da yadda fostocinka da kwalin kayanka za su riƙa fita, har da ɗan littafin ƙa'ida da zai nuna wa duk wanda zai yi maka aiki gobe yadda ake amfani da su. In yanzu ka fara kana sayarwa ta WhatsApp da Instagram, logo da kala biyu ko uku da salon rubutu ɗaya sun ishe ka. In kuwa za ka buga kwali da sitika da allon ƙofa to gara ka nemi cikakken tun yanzu, kada kowane mai buga takarda ya riƙa zaɓar maka kalar da ta yi masa.

Sai maganar suna, kuma nan mutane suka fi yin asara. Kar ka biya ko sisi a kan zane sai ka tabbatar sunan nan ba na wani ba ne. Ka duba a ofishin rajistar alamun kasuwanci na ƙasarka, sannan hukumar WIPO, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, tana da rumbun bincike kyauta a intanet, Global Brand Database, ka rubuta sunan ka gani. Alamun kasuwanci an raba su aji 45, 34 na kaya 11 na ayyuka, shi ya sa wani lokacin za ka ga suna ɗaya a wurin mutum biyu saboda harkarsu ba ɗaya ba ce, to kai ajin da kayanka suke ciki za ka fi zuba wa ido. Kuma rajistar sunan kamfani ba ita ce rajistar alamar kasuwanci ba, abu biyu ne, da yawa ba su san haka ba sai an turo musu takardar lauya. Ka leƙa Instagram da Facebook da TikTok ma ka ga ko wani ya riga ka kama sunan.

In suna ya zauna, ka ɗauki takarda guda ka rubuta bayanin kasuwancinka, shafi ɗaya ya isa. Me kake sayarwa, me ya sa mutum zai bar na wani ya sayi naka, kuma wane ne kwastomanka. Dan Allah kar ka rubuta "kowa da kowa", wannan ba amsa ba ce. Ka tuna mutum biyar na ƙarshe da suka biya ka kuɗi, su waye, shekarunsu nawa, a ina suka gan ka, araha ce ta kawo su ko inganci. Zanen da zai ja ɗaliba mai lissafin kowane kwabo ba shi ne zai ja shugaban ofis mai sayen kaya da yawa ba. Sannan ka zaɓi kalma uku da kake so su zo wa mutum a rai in ya ga alamarka, misali tsafta, amana, sauƙi. Uku kawai, in ka jera goma dizainan bai san wacce zai kama ba.

Ka tara hotunan logon abokan gogayyarka kamar biyar, don mai zanen ya ga abin da zai kauce wa, in duk shuɗi suke amfani da shi ƙila kai wata kalar ce za ta fito da kai. Ka kuma tara wasu da suka burge ka da wasu da ba ka so sam, kowanne ka rubuta dalili a ƙasansa. "Ya yi kyau" ba dalili ba ne. "Ina son shi saboda ko daga nesa ana karanta sunan", yauwa, wannan shi ne abin da zai yi aiki da shi.

Wani abu da ake mantawa shi ne lissafa duk inda alamar za ta hau. Hoton furofayil na WhatsApp da Instagram zagaye ake yanke shi, dogon logo mai faɗi gefensa zai gutsure. Ɗan hoton da ke fitowa a saman burauza kusa da sunan shafi ƙarami ne ƙwarai, har fiksel 16 a tsaye 16 a kwance ana yi. Hatimi kala ɗaya yake bugawa, keken da ke ɗinka logo a jikin riga kuma ba ya iya fitar da siraran layuka da kalar da ke narkewa cikin wata. In dizaina ya san wannan tun farko zai yi maka babba da ƙarami da na baƙi da fari.

Kuɗi kuma ka yanke abin da za ka iya kashewa ka faɗa masa kai tsaye, ɓoye-ɓoye ba ya sa a rage maka, lokaci kawai yake ci. Farashi a wannan harkar ba shi da kan gado: alamar Nike wata ɗaliba ce, Carolyn Davidson, ta zana a 1971 aka biya ta dala 35, shi kuwa Steve Jobs a 1986 dala 100,000 ya biya Paul Rand kan logon kamfaninsa NeXT, kuma zane ɗaya tak mutumin ya kawo masa. Abin da za ka tambaya shi ne me kuɗin ya ƙunsa, samfuri nawa za a nuna maka, sau nawa za a yi gyara kafin a fara cajin ƙari, yaushe za a gama. Da yawa suna karɓar rabi kafin alƙalami, sauran in an kammala. Kar kuma ka ce a fara zana maka kyauta ka gani tukuna, ƙwararre ba zai yarda ba, wanda zai yarda kuwa sau da yawa abin da ya kwaso a intanet zai liƙa wa sunanka.

Wajen zaɓe ka duba ayyukansa na baya, da yawansu suna ajiyewa a Behance ko Dribbble, shafukan intanet da masu zane ke baje ayyukansu. Amma ka yi hattara da hotunan nan da ake ɗora logo a jikin gilashin katafaren bene ko kati mai ruwan zinare, kwamfuta ce ta haɗa su, ko wane irin zane aka ɗora sai ya yi kyau. Ka ce ya nuna maka logon tsirararsa a farin fili, da wani aikinsa da aka buga da gaske ana amfani da shi. Ka ɗauki biyu ka saka a Google Lens, manhajar da ke nemo makamancin hoto a intanet, in kwafi ne yawanci asiri zai tonu. Ka tambaye shi ƙiri-ƙiri ko da samfuran manhajar zane ta Canva ko AI zai haɗa, don ƙa'idar Canva ba ta yarda ka yi rajistar alamar kasuwanci da zanukan da ke rumbunsu ba tunda kowa na iya ɗauka, a Amurka kuma ofishin haƙƙin mallaka ya bayyana a 2023 cewa hoton da na'ura ta ƙirƙira ita kaɗai ba ya samun kariya.

Yanzu abin da za ka karɓa in an gama, nan ka buɗe ido sosai. Wallahi mutane da yawa hoton JPG ɗaya aka tura musu ta WhatsApp suka yi godiya, sai ranar da za a buga babban allo logon ya farfashe ya zama dishi-dishi. Ka nemi fayil ɗin fekta, wato SVG ko AI (fayil ɗin manhajar Adobe Illustrator) ko EPS ko PDF, shi ne ake ƙara wa girma yadda aka ga dama bai lalace ba. Ka karɓi PNG marar bango don ɗorawa a kan hotuna. Ka karɓi lambobin kala: HEX da RGB na sikirin, CMYK na injin buga takarda, don kalar da ke ƙyalli a waya takan dushe a takarda. Ka tambayi sunan salon rubutun da lasisinsa, na Google Fonts kyauta ne har a kasuwanci, wasu kuwa sai an saya. In da Hausa za ka riƙa rubuta talla ka gwada ko yana fitar da ɓ da ɗ da ƙ, da yawa ba su da su sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, salon rubutun Noto Sans dai yana da su.

Mallaka kuma a rubuta ta. A dokar ƙasashe da yawa wanda ya zana shi ke da haƙƙin zanen ko da ka biya shi, sai in ya sa hannu cewa ya miƙa maka. Layi biyu ne a cikin yarjejeniya, kar ka ji kunyar nema.

In samfuri ya iso, mutum ɗaya ne zai yanke hukunci, kar ka jefa shi a guruf ɗin 'yan uwa, mutum ashirin ra'ayi ashirin za ka samu. Kwastomominka na gaske uku ko huɗu za ka nuna wa, kamfanin tufafi na Gap da ya sauya logo a 2010 kwastomomi ne suka yi masa caa har ya koma tsohon cikin kusan mako ɗaya. Ka buga zanen a takarda baƙi da fari, ka manna a bango ka ja baya ka kalla, ka ƙanƙance shi a waya ka ga ko sunan na karantuwa, ka kwana biyu kana kallo, sannan ka haɗa duk gyararrakinka a saƙo ɗaya ka tura masa.