Turaren Fure Mai Sanyi: Kurakuran da Ke Sa a Ce "Ba Ya Kama Jiki"

Duk wadda ta sayi turaren fure mai sanyin ƙamshi, irin na wardi ko yasmin, kukanta ɗaya ne: "Na fesa da safe, kafin azahar ya gudu." Sai a ce mai shago ya ba ta jabu. Akwai jabun, amma galibi turaren lafiyarsa ƙalau, wajen amfani da shi ake ɓata lamarin.

Fara duba jikin kwalbar. In an rubuta Eau de Toilette, man ƙamshin da ke ciki kashi 5 zuwa 15 ne cikin ɗari, saura alkohol ne da ɗan ruwa. Eau de Parfum yakan kai kashi 15 zuwa 20. Ƙamshin lemo da ɗanyen ganye da kike ji da farko yana tashi cikin rabin awa, furen ya riƙe awa uku zuwa huɗu, sai ɗan miski ya rage a fata. Haka aka haɗa shi. Wadda ke son ƙamshin da zai kwana a jiki, al'ud za ta nema.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne yarda da hancinki. Hanci yana sabawa da duk ƙamshin da ya zauna kusa da shi, cikin 'yan mintuna ya daina kawo miki labarinsa, kamar yadda ba kya jin ƙamshin ɗakinki sai kin fita kin dawo. Farin miski ya fi kowa wannan hali, akwai ma mutanen da sam hancinsu ba ya kama wasu nau'o'insa. To sai ki ga mace ta fesa huɗu, ta ɗaura ɗankwali, ta ce ba ta ji komai ba, ta ƙara shida, a bakin ƙofa ta ƙara biyar. Haba 'yar'uwa! Fesawa ɗaya kusan 0.1 ml ce, kwalbar 50 ml tana ba da wajen 500. Huɗu a rana, kin yi wata huɗu. Goma sha biyar a rana, wata guda da 'yan kwanaki kwalba ta zama fanko. Kuma abin haushin, yawan fesawa ba ya ƙara wa fure kwana sosai. Abin da zai tashi a rabin awa zai tashi, sai dai ki hana na kusa da ke numfashi a adaidaita sahu. Yasmin ma in ya yi yawa ya haɗu da gumi, wani irin wari mai hawa kai yake komawa.

Ni dai ba na fesa shi a ƙarƙashin haɓa, domin nan ne hanci ke saurin gajiya. Ɗaya a ƙirji ƙarƙashin riga, ɗaya a cikin kowace gwiwar hannu, ɗaya a ƙeya. Ki ɗura kaɗan a 'yar kwalbar 5 ml ki jefa a jaka, bayan la'asar ki sabunta da fesawa biyu. In kina shakkar ko yana nan, tambayi wadda ba ta wuni tare da ke ba.

Kuskure na biyu kuwa namu ne na gida, kuma shi ya fi ba ni takaici. An turara kaya a kan kasko tun dare da sandal da kajiji da hawi, an fito wanka an mulke jiki da humra, sannan a ɗauko turaren fure mai tsada a fesa a sama. Me ake tsammani? Hayaƙin turaren wuta yana kwanaki a atamfa, humra kuma da mai da miski da farce aka haɗa ta don ta zauna. Furen ba shi da ƙarfin da zai ja da su. Minti goma za ki ji shi, daga nan sun haɗiye shi, an yi asarar kuɗi, an kuma zo ana zagin turare. Kada a kawo mini misalin man wardin Ɗa'if da alhazai ke tsaraba, a ce ai yana tafiya da al'ud. Wancan tataccen mai ne mai kauri, ba ajinsu ɗaya da na fesawa mai sanyi ba. Ranar fure ta zama ranar fure kawai: kayan da ba a turara ba, sabulu marar ƙarfin ƙamshi. In ana son abin da zai riƙe shi, ɗigo ɗaya na farin miski a fata kafin a fesa ya wadatar. Humra a bar ta sai dare.

Sai busasshiyar fata, musamman da hunturu. Turare ba ya samun abin kamawa a kanta. Bayan wanka ki shafa ɗan basilin marar ƙamshi a wuraren da za ki fesa, ki jira minti biyu. Man kaɗe yana aiki, amma ɗanyensa yana da nasa warin da ke dakusar da fure, man shafawa mai ƙamshin koko kuma ya fi shi ɓarna.

Ajiya ma ana sakaci da ita. Jera kwalabe a gaban madubi kusa da taga ado ne, amma rana da zafi suna lalata turare, balle a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40. Barinsa a mota ya fi muni. Alamar ya lalace ita ce fesawar farko ta yi tsami. Canjin launi kaɗai ba hujja ba ne, mai yasmin da banila yakan yi duhu da kansa. Mayar da shi kwalinsa, ki sa a ƙasan wardirob. Firjin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa ba wurin ajiya ba ne.

Sauran ƙanana ne. Goga hannu da hannu bayan fesawa yana ɗumama fata, ƙamshin farko ya yi saurin tashi. Shinshina murfi a shago ba gwaji ba ne: fesa a hannu, yi zagayen kasuwarki na awa guda, sannan ki yanke shawara, kuma kada ki gwada fiye da uku. Mayafi yana riƙe ƙamshi fiye da fata, amma ki nisanta kwalbar kamar taƙi guda, ki fara gwadawa a gefe, don turaren ɗuri mai maiƙo yana barin tabo a farar shadda. Sarƙa da ɗankunne a saka su bayan turaren ya bushe. Turare mai bagamot (wani nau'in lemo) a ciki kuma, ki fesa shi inda tufafi ke rufewa in za ki shiga rana, domin man bagamot da ba a tace ba yana iya barin baƙin tabo a wuya.