Kututturen gonarka bai mutu ba: yadda ake sassabin zamani

Jama'a don Allah bana in an je sharar gona kar a bi duk wani tohon sabara da kalgo a sassare a cinna masa wuta. Ɗan kututturen nan da yake tofowa duk shekara kai kuma kana bin sa da gatari, a ƙarƙashinsa saiwa ce babba da ta daɗe da kaiwa ga danshi, shi ya sa in ka ƙyale shi yake saurin zama itace fiye da dashen leda da za ka yi ta jidar masa ruwa ƙarshe akuya ta cinye.

Wannan rainon tohon kututture, mutanen Maraɗi sassabin zamani suke ce masa. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara tallata shi a can wajen 1983 bayan dashe ya yi ta mutuwa, manoma suka karɓa har ya bazu zuwa Damagaram, yanzu ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, kuma ba gwamnati ce ta dasa su ba, masu gona ne suka raine su.

Ka zagaya gonarka kafin shara ka ga me ke tofowa, sabara ce, kalgo ne, magarya, aduwa ko ɗan gawo. Kowane kututture za ka tarar ya yi cinkus da toho, sai ka tsuguna ka zaɓi masu kauri da suka miƙe sak, uku zuwa biyar sun isa, sauran ka cire. Waɗanda ka bari kuma ka sassabe musu ƙananan rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu, kar ka aske su tas, in ba ganye da me zai girma? kuma in ya yi siriri da yawa iska ce za ta karya shi.

Nan ne mutane ke ɓata aikin wallahi, wajen sara. Adda ko lauje ya zama mai kaifi sosai, kuma daga ƙasa ake ɗago saran zuwa sama, don in ka saro daga sama reshen zai tafi da ɓawo ya bar rauni, ta nan gara da ruɓa suke shiga. Ka ɗaura ɗan jan ƙyalle a jiki don mai neman itacen girki ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka koma ka cire sabon tohon da ya fito. Duk shekara kana iya sare sanda ɗaya ka bar sabuwa ta maye gurbinta, ga makamashi ga na shinge, uwar gida ta huta da tafiyar nesa.

Masu tsoron inuwa za ta hana gero yi, ku je ku dubi gindin gawo da damina. Shi lokacin ne yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi kore shar dabbobi su kwanta ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yansa suna zuba taki, geron wurin ma daban yake fitowa. Ni in na samu ɗan gawo a gona ba abin da zai sa in taɓa shi. Sauran itatuwan ne za ka riƙa rage wa rassa in damina ta kusa, kuma kar ka cika gonar lokaci ɗaya, fara da kamar 40 a hekta ka gani.

Amma fa kai kaɗai ba za ka iya tsare su ba. Ku zauna da maƙwabtan gona da mai gari, a kira makiyayan da ke shigowa cin kara bayan girbi a yi magana ta fahimta, a yarda kan wanda za a iya sassaba wa dabbobi da wanda ba a taɓawa, sannan a hana cinna wa gona wuta.