Mai son zama injiniyan bayanai, SQL tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kusan kullum sai an tambaye ni ta ina ake fara aikin injiniyan bayanai, kuma sau da yawa mai tambayar ya riga ya afka wa Spark ko Kafka, manhajojin sarrafa bayanai masu ɗimbin yawa, alhali bai iya haɗa teburin bayanai biyu ba. Malam, sannu a hankali. SQL, wato yaren da ake nemo bayanai da shi daga rumbun bayanai, za ka fara riƙewa sosai, sai Python, yaren rubuta manhaja, ya biyo baya.

Aikin kamar na mai jan bututun ruwa ne. Kai za ka ɗebo bayanai daga inda suke, ka tace su, ka zuba a rumbun da masu nazari za su riƙa ɗiba kullum.

Ga abin da nake sa ƙannena su yi. Ka saka PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai mai aiki da SQL, a kwamfutarka, kyauta ne, kuma ko ba data yana aiki. Ka shiga shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ka sauko da rahotannin farashin kayan abinci na watanni 6, ka rubuta shirin Python da zai loda su cikin teburi ɗaya. Sai ka sake kunna shi karo na biyu. In farashin shinkafa ya fito sau biyu, to ka gamu da ainihin aikin: gyara shi yadda ko sau goma aka kunna, sakamakon ba zai canza ba. Wannan kaɗai ya ci min mako guda.

In ya zauna, ka koyi Airflow, manhajar tsara lokutan gudanar da ayyuka, don shirin naka ya riƙa tashi da kansa. Ka ɗora komai a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, da ɗan bayani, don masu ɗaukar aiki sun fi son ganin wannan a kan tarin satifiket.