Zaɓen kamfanin da zai riƙa aika wa ƙungiyarku imel mai yawa

Kafin ku duba farashin kowa, ku ƙirga abu biyu: adireshi nawa ke cikin jerinku, kuma sau nawa a wata kuke tura saƙo. Mambobi 8,000 da ake aika wa sanarwa sau huɗu a wata, saƙo 32,000 ke nan. Da wannan lissafin za ku gane tsarin biyan da ya dace da ku. Mailchimp yawan adireshin da ke jerinku yake duba wajen caji, Amazon SES kuwa yawan saƙon da ya fita, santi 10 na dala kan kowane dubu. Sai dai SES injin turawa ne zalla, dole a haɗa shi da wata manhaja mai kula da rajista da tsara saƙo, a kuma samu wanda ya iya aikin. Akwatin Gmail na yau da kullum kam ku cire shi daga lissafi, iyakarsa saƙo 500 a rana.

Abin da ya fi farashi muhimmanci shi ne saƙon ya isa akwatin mutum, kada ya faɗa jakar tarkace. Tun watan Fabrairu na 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara wa masu aika saƙo da yawa. A Gmail, duk mai tura kusan 5,000 a rana sai ya saita SPF da DKIM da DMARC (hanyoyi uku na tabbatar da cewa saƙo daga ainihin mai sunan ya fito) a kan sunan yankinsa, wato ɓangaren adireshin imel da ke bayan alamar @, ya sa hanyar fita daga jeri da dannawa ɗaya, ya kuma cire wanda ya nemi fita cikin kwana biyu. Ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu.

Saboda haka tambaya ta farko ga kowane kamfani ita ce: zai sa hannun DKIM, wato hatimin da ake maƙala wa kowane saƙo, da sunan yankinku, ko da nasa? In da nasa ne kawai, ku nemi wani, domin DMARC na neman sunan da ya sa hannu, ko wanda SPF ya tantance, ya dace da na mai aikawa. A kula da SPF ma, wato jerin waɗanda kuka yarda su tura saƙo da sunanku: bincike goma kacal aka yarda ya yi a DNS, kundin sunayen yankuna na intanet, kuma ƙungiyoyi kan zarce haka ba su sani ba idan suka yi ta ƙara kamfanoni. Ya fi kyau a ware ƙaramin yanki a ƙarƙashin sunan yankinku don saƙonnin jama'a, yadda in sunansa ya ɓaci, wasiƙun ofis ba za su shafu ba.

Za a yi muku tallar adireshin IP naku na kanku, wato lambar na'urar da saƙonku ke fita daga cikinta. Ba kowa yake buƙatarsa ba. Sabon IP ba shi da tarihi, sai an fara da ƴan ɗaruruwa a rana ana ƙarawa tsawon makonni, kuma in turawarku ta jefi-jefi ce ba zai yi suna ba. Ƙaramar ƙungiya ta fi cin riba a IP na haɗaka, muddin kamfanin na korar masu aika tarkace.

Ku tabbatar yana cire matattun adireshi da kansa. SES, alal misali, yakan sa asusu ƙarƙashin bincike idan saƙonnin da ke dawowa sun kai kashi 5 cikin ɗari. Tsohon jerin da ya shekara ba a taɓa shi ba kan jawo wannan tun a turawar farko, don haka ku tace shi tukuna, jerin saye kuwa kada ku kusance shi.

Ku gwada fitar da jerinku a fayil tun kafin ku biya, har da sunayen waɗanda suka fita, don kada ranar sauya kamfani ku sake tura musu. In kuma zauren tattaunawa kuke so, inda mambobi ke amsa wa juna, wannan aikin Mailman ne ko Google Groups, kamfanonin sanarwa ba don shi aka gina su ba.