Mai ciki, kafin ki haɗiyi kowace ƙwaya

Ranar nan a wani kemis a Tudun Wada na ga wata yarinya cikinta ya kai wata bakwai, ta ce a haɗa mata na ciwon baya, mai shago ya ɓalle ƙwayoyi kala huɗu ya ƙulle a farar leda, ba kwali ba suna, ta biya ta wuce abinta. Wallahi har yau abin na cin raina.

'Yar uwa, duk inda za a ba ki magani, asibiti ne ko kemis, ki fara cewa "ina da ciki wata kaza", ko da bai fito ba, kai ko ɓatan wata kawai kika yi. Kunyar cikin fari ki ajiye ta a gida, don a wata ukun farko ne zuciya da ƙwaƙwalwa da gaɓoɓin jariri ke haɗuwa, lokacin ko uwar miji ba ta san da cikin ba.

Haɗin kemis kam ki rabu da shi. Paracetamol ne aka saba ba masu ciki, shi ma yadda aka ce ki sha, ba duk sanda kika ga dama ba. Su ibuprofen da diclofenac da Felvin da muke watsawa kamar gyaɗa, daga sati 20 suna iya taɓa ƙodar jariri ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. Kafson nan ja da yalo, tetracycline, da ake sha in ciki ya ɓaci, yana ɓata haƙoran yaro. In zazzaɓi ne a gwada jini tukunna. In kuma ciwon kai ne mai tsanani ga kumburin fuska ga gani dishi-dishi, wannan ba na kemis ba ne, hawan jini ne ke iya kaiwa ga jijjiga, a nemi Keke a wuce asibitin Dantsoho ko Barau Dikko da ke Kaduna ko asibitin da ya fi kusa.

Sai na gida, nan ne rigimar take. Inna za ta kawo jiƙo ko maganin zaƙi ta ce su da shi suka haife mu, kuma da kyakkyawar niyya ta kawo, amma ba wanda ya san me ke ciki balle awonsa, wasu kuma suna tayar da naƙuda lokaci bai yi ba. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ce nas ta ce sai ta gani, in da hali maigida ya faɗa da bakinsa, ya fi sauƙi.

In dama kina shan maganin hawan jini, suga, farfaɗiya ko asma, kar ki yanke da kanki, ki kwashi kwalayen duka ki kai wa likita. Irin su lisinopril na hawan jini ana canza su da wanda ya dace da ciki.

Waɗanda ake ba ki a wajen awo kuwa su ne muke turawa ƙarƙashin katifa. Folic acid na kare jariri daga matsalar ƙashin baya da laka, gara ma a fara tun kafin cikin ya shiga. Fansidar na rigakafin maleriya ana fara shi bayan wata uku, wata-wata, aƙalla sau 3. Maganin ƙarin jini zai iya mayar da bayan gida baƙi, ba komai ba ne, kawai kar ki kora shi da shayi don shayi na hana jiki ɗaukarsa, ki sha da ruwa ko lemon zaƙi, in yana tayar miki da zuciya ki bari sai kin ɗan ci abinci.